Ranar Tsallaken Shinge a Ƙauyukan Ingila

Idan lokacin zafi ya shigo a Ingila, da wuya Asabar ko Lahadi ta wuce ba a yi wasan dawaki a wani ƙauye ba. Manomi ne zai ba da aron filin kiwonsa, a kewaye shi da igiya, a jera shingaye na sanduna masu fenti, shi ke nan fage ya samu. Masu hawa kuwa ba 'ya'yan sarauta ba ne. Yawancinsu 'yan mata ne 'yan makaranta, sai matan aure da 'yan tsirarun dattawa, kowa ya jawo dokinsa a akwatin da ake ɗaura wa mota a baya.

Al'adar ta samo tushe ne daga farautar yanyawa. A ƙarni na 18 dokoki suka sa aka kakkange filayen da a da kowa ke ratsawa, mafarauta bisa dawaki suka wayi gari ba su iya bin karnukansu sai da dokin da ya iya tsallake shinge. Daga nan aka fara gwada dawaki a bainar jama'a, kuma tun shekarun 1860 ake gasar tsalle a bikin dawaki na Dublin, a ƙasar Ayalan. Ƙungiyar Pony Club da aka kafa a 1929 ita ta kai abin ga yara.

Shiri tun jajibere yake farawa. Yarinya za ta wanke dokinta da kanta, ta goge sirdi da linzami da sabulun fata, da asuba ta kitse masa geza ƙulli-ƙulli, ta shafa wa kofato mai. Wannan ne ya fi burge ni a al'adar. Mu a nan mun saba ganin mai doki ya zo an riga an ɗaura masa sirdi, yaran barga sun gama wahala. Can wadda za ta hau ita ce ta kwashe kashin da safe, don haka ta san ranar da dokinta ya tashi da fushi tun kafin ta sa ƙafa a likkafa.

Kafin a fara, sai a buɗe fage mahaya su shiga da ƙafa. Za ka gan su cikin dogayen takalma suna bin shingayen ɗaya bayan ɗaya, suna ƙirga taku a tsakani, domin takun mutum 4 ne ke ba da takun doki 1 a sukuwa. A nan ake yanke shawarar inda za a ja linzami da inda za a saki. Doki shi ba a nuna masa hanya; sai ya shigo zai gan ta, ya dogara ga wadda ke bayansa. Jar tuta tana zama a hannun dama na kowane shinge, fara a hagu, kada wani ya tsallaka ta baya.

A gefe akwai ƙaramin fili na motsa jini, shi ma da ladubbansa. Mahaya biyu in sun haɗu, hagu da hagu suke wucewa. Dokin da aka ɗaura wa jan ƙyalle a wutsiya mai harbi ne, a ba shi wuri. Kore kuma alama ce ta sabon shiga.

Hukuncin bai da wuyar ganewa, kuma ba ruwansa da kyan doki ko kuɗin ubangidansa. Alƙali ya buga ƙararrawa, mahayi yana da daƙiƙa 45 ya fara. Sandunan ba a kafe suke ba, an ɗora su ne kawai a kan 'yan maɗaukai, kofato na shafar ɗaya da ƙarfi sai ta faɗo: laifi 4. Doki ya turje a gaban shinge, wani laifi 4 ke nan, in ya ci gaba da turjiya a sallame su. Wanda ya faɗo ƙasa ya fita. Waɗanda suka zagaya ba laifi su ne za su sake karawa a gajeriyar hanya, wannan karon da agogo. A nan ake ganin ƙarfin hali, domin yanke kwana yana rage lokaci, amma yana iya kawo doki gaban shinge a karkace. 'Yan kallo sukan yi tsit, ba ka jin komai sai kofato da numfashin dabba, har sai an sauka daga shinge na ƙarshe.

A ajin farko shinge bai fi santimita 60 ko 70 ba, amma yarinya mai ɗan kuru tana da abin koyi a labarin Stroller. Ƙaramin doki ne irin na yara, shi Marion Coakes ta hau ta ci lambar azurfa a gasar Olamfik ta Meziko a 1968, cikin manyan dawakan duniya.

Kyautar ƙauye ba ta taka kara ta karya ba, sau da yawa ko kuɗin man mota ba ta mayarwa. Furen ƙyalle ne ake maƙala wa doki a linzami, ja ga na ɗaya, shuɗi ga na biyu. A Amurka shuɗin ne na ɗaya. Waɗanda suka ci za su zagaya fage sau ɗaya a guje, ana tafa musu. Daga nan kowa ya koma gindin motarsa, a kwance sirdi, a warware kitson geza, a ba doki ruwa da ciyawa kafin mahayiyarsa ta buɗe nata ƙunshin burodin.