Karya harshe ba shi ke ba da aikin koyarwa ba

Akwai wata shawara da ta zama ruwan dare a tsakanin matasanmu masu neman aikin koyar da Turanci a ƙasashen waje. Da zarar mutum ya ce wata makaranta a Biyetnam ko Tailan ko Saudiyya ta gayyace shi intabiyu ta bidiyo, sai abokai su ce masa: "To ka fara karya harshe tun yanzu. In suka ji Turancin Najeriya a bakinka, magana ta ƙare." Sai ka ga bawan Allah ya kwashe mako guda yana kallon finafinan Amurka, yana shaƙe murya, yana fitar da magana ta hanci.

Masu wannan shawara da kyakkyawar niyya suke ba da ita, kuma ba daga sama suka tsinto ta ba. Sun ga tallan aikin da ke cewa ɗan asalin harshe kaɗai ake so. Sun ji labarin wanda aka sallama tun kafin ya gama gabatar da kansa, don kawai an ji sunan ƙasarsa. Wariya tana nan a wannan sana'a, ba mai musun haka. Sun gano cutar daidai. Maganin da suka rubuta ne nake ja da shi, kuma ga dalilaina.

Da farko, inda aka rufe ƙofa, fasfo ne ya rufe ta. Bizar E-2 da Koriya ta Kudu ke ba malaman Turanci an gina ta ne a kan 'yan ƙasashe bakwai: Amurka, Kanada, Birtaniya, Ayalan, Ostareliya, New Zealand da Afirka ta Kudu. Mutumin Glasgow da ko ɗan Landan sai ya kasa kunne kafin ya gane maganarsa ya cika wannan sharaɗi, shi kuwa Bakano ko da muryarsa ta fi ta mai karanta labarai a BBC daɗi bai cika ba. Ashe karya harshe ba zai buɗe wannan ƙofa ba. Makarantar da ta gayyace ka kuma, ta riga ta ga takardunka, ta ga inda aka haife ka da jami'ar da ka yi. Tana sane da ɗan Najeriya ko ɗan Gana za ta gani. To me za ka ɓoye mata?

Na biyu, in an ce ka yi magana irin ta Bature, wane Baturen? Na Texas, ko na Liverpool, ko na Sydney? Su kansu ba baki ɗaya suke da shi ba. Masanin harshe David Crystal ya kiyasta cewa masu amfani da Turanci a matsayin harshe na biyu ko na waje sun ninka 'yan asalinsa kusan sau uku. Yaron da za ka koyar a Hanoi, in ya girma, ya fi yiwuwa ya yi Turancinsa da ɗan kasuwar Indiya ko injiniyan Jamus. A shekarar 2000 Jennifer Jenkins ta wallafa bincikenta a kan sautukan da ke jawo rashin fahimta tsakanin irin waɗannan mutane, ta nuna cewa wasu sautukan da ake wahalar da ɗalibai a kansu, kamar "th", ba su cika hana a gane magana ba. Ko a jarrabawar Turanci ta IELTS, ma'aunin lafazi yana duba sauƙin fahimtar mai magana ne, ba a tambayar ko ya yi kama da ɗan Oxford.

Na uku, malami ake nema. Iya magana daban, iya koyar da ita daban. In ba haka ba da kowane Bahaushe malamin Hausa ne. Kwas ɗin horar da malaman Turanci na Cambridge, wato CELTA, wanda makarantu da yawa ke girmamawa, kusan awa 120 ne, kuma a ciki akwai awa shida da mutum zai tsaya gaban ɗalibai na gaske ana auna koyarwarsa. Wanda Turanci ba harshen uwarsa ba ne ma yana shiga, muddin ya ƙware. Wannan ruhi ne ke cikin intabiyu. Sau da yawa za a ce ka gabatar da ɗan gajeren darasi na minti biyar ko goma. Za a tambaye ka yadda za ka yi da yaron da ya ƙi buɗe baki, ko ajin da ya kaure da surutu. Anan ne kake da abin da wasu ba su da shi: kai ma koyon Turancin ka yi a aji, ka san inda yake harɗe mutum.

Na huɗu, harshen aro yana cinye hankali. Na ga haka da idona a wajen ɗan yayata. Ana saura kwana uku intabiyunsa muka yi gwaji, yana ɗaki ina tsakar gida, kowa da na'urarsa. Ya fara da wata murya da ban san shi da ita ba. Na ce ya koya mini bambancin "I ate" da "I have eaten" kamar ni yaro ne ɗan shekara tara. Sai ya shiga zuba dogon bayani, rabin hankalinsa na kan yadda zai lanƙwasa "r". Kafin minti huɗu muryar aron ta zame, ta gida ta dawo, ya daburce ya yi shiru. Ya ce: "Kawu, wallahi na san abin nan, tunanin bakina ne ya ɗauke mini hankali." Na ce ya sake da muryar da yake koyarwa da ita kullum. Ya tashi ya ɗauko ayaba, ya ɓare, ya ci a gabana, ya ɗaga ɓawon, ya yi jimlar sau biyu a hankali, sannan ya sa ni na maimaita. Darasin da ya gagara a minti huɗu ya zauna a minti ɗaya. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Kada a fahimce ni da cewa lafazi ba ya bukatar gyara. Yana bukata, amma a inda ya dace. Mu Hausawa mun san lagonmu: "p" da "f", sai "v" da "b". Malamin da ke cewa "fan" yana nufin "pan", ko "boat" yana nufin "vote", ya canza ma'ana, kuma ɗalibai za su kwashi kuskuren. Wannan shi ne abin zama a yi wa aiki: ka naɗi muryarka a waya, ka saurara, ka gyara, ka rage sauri, ka riƙa kai kowace kalma ƙarshenta. Gyaran sauti ke nan, kuma kowane malamin kirki yana yin sa.

Lokacin da za a ɓata a kwaikwayo, ga inda ya fi cancanta a zuba shi. Mafi yawan abin da ke hana a ji mutum a bidiyo na'ura ce. Ka fuskanci taga don haske ya sauka a fuskarka. In ka ba ta baya, inuwa kawai za su gani. Ka ɗora kwamfuta a kan littattafai har kyamara ta zo daidai idonka, kuma ita za ka kalla in kana magana. Ka sa abin kunne mai makirufo. Ka cika caji, ka tanadi data a layi na biyu, ka nisanta janareta daga ɗakin. Ka gwada Zoom da wani tun ana gobe intabiyun, don ba a fafe gora ranar tafiya. Sannan ka lissafa agogo da kyau: Biyetnam da Tailan suna gaban Najeriya da awa shida, Japan da awa takwas, Saudiyya da awa biyu. Ƙarfe goma na safiyar Hanoi ƙarfe huɗu ne na asubahin Kano.

Ɗan'uwa mai shirin intabiyu, ba na yi maka alkawarin cewa kowace makaranta za ta yi maka adalci. Wadda ta ƙudurta ba ta son ka, karya harshe ba zai sauya mata ra'ayi ba. Wadda ke neman malami kuwa, darasinka take jira. Ka shirya shi, ka gyara sautukan da ke canza ma'ana, ka zauna gaban kyamara ka yi magana da muryar da za ka iya riƙewa har ƙarshen zango.