Daga Igiyar Ringelmann zuwa Akwatin Mata Masu Dubara: Me ke Riƙe Rukunin Aiki?

1. Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa raba ɗalibai rukuni-rukuni don aikin bincike ya san yadda abin yakan ƙare: mutum shida aka ba aiki, biyu suka yi shi, shida suka sa hannu. Galibi mukan ɗora laifin ga ƙyuya ko rashin tarbiyya. A cikin wannan takarda muna so mu nuna cewa tsarin rukuni ya fi halin mutanen da ke cikinsa tasiri. Za mu fara da abin da aka gano a fannin halayyar rukuni, wanda ake kira dynamique de groupe da Faransanci, sa'an nan mu gwada shi da misalai uku na ƙasarmu: gayya, ƙungiyoyin manoma na bayan samun ƴancin kai, da asusun Mata Masu Dubara.

2. Abin da gwaje-gwaje suka nuna

A shekara ta 1913 wani Bafaranshe masanin injunan noma, Max Ringelmann, ya buga sakamakon gwajin da ya yi na sa mutane su ja kaya da igiya. Ya auna ƙarfin kowa shi kaɗai, kuma ya auna na rukuni. Idan mutum biyu suka ja tare, kowannensu yana ba da kashi 93 cikin 100 na ƙarfinsa. Idan uku ne, kashi 85. Idan takwas ne, kashi 49 kawai. Wato mutum takwas aikin huɗu suka yi.

Dalili biyu ke haddasa wannan hasara. Na farko shi ne rashin daidaituwa: ba kowa ke ja a lokaci guda ba. Na biyu shi ne raguwar himma. A 1974 Alan Ingham da abokan aikinsa a Amurka sun rufe wa mai ja ido, suka sa ya zaci akwai wasu a bayansa, alhali shi kaɗai ke ja. Duk da haka ƙarfinsa ya ragu. A 1981 kuma Williams da Harkins da Latané sun nuna cewa da zarar mutum ya san za a auna nasa ƙoƙarin daban, wannan raguwa takan ɓace.

Game da shugabanci, a 1939 Kurt Lewin da Lippitt da White sun gwada salon jagoranci uku a kan ƙungiyoyin yara maza. Yaran da aka yi wa mulkin danniya sun yi aiki sosai muddin shugaba yana nan, amma da ya fita ɗaki sai aiki ya yi sanyi. Waɗanda aka yi shawara da su kuwa sun ci gaba da aikinsu ko ba ya nan.

Ke nan abu uku ne za mu riƙe: yawan mutane yana da iyaka, rabon kowa ya fito fili, doka kuma ta fito daga masu aikin.

3. Gayya

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma kuma su ne suka ce idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Tsarin gayyar noma ya kula da maganganun biyu. Samari sukan jera a bakin gona, kowa da kunyarsa, su tashi tare. Saboda haka wanda ya yi gaba da wanda aka bari a baya duk a fili suke. Ganga tana daidaita saran hauya, abin da ke magance hasara ta farko. Kirarin makaɗi yana kama sunan mutum, abin da ke magance ta biyu. Bugu da ƙari, gayya bashi ce: wanda ya ƙi zuwa gonar wani, ran da ya kira tasa ba zai ga kowa ba. Ya kamata mu lura cewa wannan gasa ba ta kashe taimakon juna, domin wanda ya kai ƙarshen kunyarsa yakan juyo ya tari na baya.

4. Ƙungiyoyin manoma

A 1962 gwamnatin Nijar ta kafa UNCC, hukumar lamuni da haɗin kan manoma. A cikin tsarin da aka bi daga baya, gari gaba ɗaya ne ke tsaya wa bashin iri da kayan aiki. An ɗauka cewa tun da ƙauyuka sun saba da gayya, za su karɓi wannan ma. Amma tsarin biyu ba ɗaya ba ne. Rukunin ya yi girma, ba manomi ne ya zaɓi abokan lamuninsa ba, dokoki daga biro suke zuwa, lissafi kuma yana cikin takardun da mafi yawan mutane ba su iya karantawa. Wanda ya biya da wanda bai biya ba hukuncinsu ɗaya idan aka hana wa gari sabon lamuni. A irin wannan hali, igiyar Ringelmann ce aka miƙa wa gari guda, kuma ba abin mamaki ba ne da bashin da ba a biya ba ya zama babban ciwon ƙungiyoyin.

5. Mata Masu Dubara

A 1991 ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a jahar Maraɗi, bisa tushen adashin da mata suka riga suka sani. Mata ne ke zaɓen junansu, yawansu bai cika wuce 30 ba. Suna haɗuwa kowane mako, kowace ta zuba kuɗinta a gaban idon kowa. Akwatin yana da kwaɗo uku, mabuɗan suna hannun mata uku dabam-dabam, ba a buɗe shi sai a zaman taro. Su ne ke yanke yawan zubi, da ribar lamuni, da tarar makara. Idan wa'adi ya cika sai a fasa asusu a raba. Babu kuɗin waje a ciki. Wannan tsari ya yaɗu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Ya kuma yi daidai da abin da Elinor Ostrom ta bayyana a 1990 game da dukiyar tarayya: iyakar ƴan ƙungiya a sarari, dokar da su suka tsara, sa ido na juna, da horo daidai laifi.

6. Darasi ga sashenmu

Daga abin da ya gabata muna ba da shawarwari huɗu. Da farko, rukunin ɗalibai kada ya wuce mutum huɗu ko biyar. Na biyu, kowane babi na rahoto ya ɗauki sunan wanda ya rubuta shi, kowace hira sunan wanda ya yi ta da wanda ya fassara ta. Maki kuma ya kasu biyu, na rukuni da na mutum. Na uku, a zaman farko ƴan rukuni su rubuta dokokinsu da kansu, har da jerin sunayen da za su hau takarda, tun kafin a fita ƙauye.

Na huɗu ya shafe mu malamai. Gwajin Solomon Asch na farkon shekarun 1950 ya nuna cewa wajen kashi ɗaya cikin uku na amsoshi sun bi kuskuren jama'a, ko da yake gaskiya tana gaban ido. Amma da aka samu mutum ɗaya da ya faɗi daidai, sai bin ya ragu ƙwarai. A wurinmu, inda ɗalibi ke jin nauyin musanta malaminsa, haɗarin ya fi haka. Don haka a taron bincike ƙarami ya fara magana, babba ya rufe.

7. Kammalawa

Ba wa'azi ne ke sa rukuni ya yi aiki ba. Manomin da ya yi fice a gayya shi ne ya ƙi biyan lamunin gari. Mutum ɗaya ne, tsari ne ya bambanta. Kafin mu zargi ɗalibanmu da ƙyuya, ya kamata mu tambayi kanmu ko mun ba kowa kunyarsa. Abin da ya rage a bincika shi ne yadda za a auna rabon kowa a aikin tunani, inda ba a ganin kunya kamar a gona, kuma muna fatan abokan aiki za su kawo nasu nazarin a kan wannan.