Motar Farko: Abin da Sabon Direba Zai Duba Kafin Ya Biya Kuɗi

Duk wanda bai daɗe da karɓar lasisin tuƙi ba, motarsa ta farko sai ta ji jiki. Za ta gogi ƙofar gida wajen shiga, bambarta za ta daki bango wajen ribas, wata rana kuma ɗan adaidaita sahu zai ja mata layi a gefe cikin cunkoson kasuwa. Ba fata ake yi ba, haka koyo ya gada. Shi ya sa idan iyali suka tashi saya wa ɗa, ko 'ya, ko uwargida mota ta hannu, ya kamata su fara da lissafin abin da gyaranta zai riƙa ci, tun kafin a zo maganar launi da kwalliya.

Ƙaramar mota mai guntun baya, irin wadda ƙofar but ɗinta ke ɗagawa sama haɗe da gilashi, ita ta fi dacewa da wannan aiki. Inda gilashin baya ya tsaya, kusan nan motar ta ƙare, don haka sabon hannu ba ya wahalar auna tazara. Tana shiga lungu, tana samun wurin fakin inda babbar mota ba za ta samu ba. Idan aka kwantar da kujerun baya kuma, buhun shinkafa da kayan cefane duk su shige. Tun da aka janye tallafin mai a Najeriya ranar 29 ga Mayu, 2023, injin da bai wuce lita 1.3 zuwa 1.8 ba ya zama abin nema. Sai dai a kula: Yaris da Golf da Peugeot 206 da ake kawowa daga Turai akwai masu ƙofa biyu kacal a gefe. Suna da sauƙin kuɗi, amma ranar da za a ɗauki Hajiya zuwa asibiti za a gane dalilin arahar. Mai iyali ya nemi mai ƙofa huɗu.

A cikin waɗanda suka cika kasuwanninmu, Toyota ce ta fi kwantar da hankali, kuma dalilin a fili yake. Yaris, wadda aka fara fitarwa a 1999, da Corolla mai guntun baya ta farkon shekarun 2000, da Matrix da aka yi domin kasuwar Amurka da Kanada, masu shan fetur ɗinsu sarƙa ce ke haɗa motsin sama da ƙasan injinsu, ba bel na roba ba. Sarƙa kan daɗe matuƙar ana canza baƙin mai a kan kari. Pontiac Vibe kuwa, duk da sunan Amurka da take ɗauke da shi, inji da giyarta na Matrix ne. A Kalifoniya aka haɗa ta, a masana'antar haɗin gwiwar Toyota da General Motors. Kayan injinta ba sa wuyar samu, amma fitila da bamba nata daban ne, tunda an daina ƙera ta tun 2009. Injin 1.8 na shekarun farko an san wasunsu da shan baƙin mai, don haka sunan Toyota kaɗai ba ya wanke mota. Akwai kuma Matrix da Vibe masu inji 2.4 da masu jan ƙafa huɗu. Ɗan koyo ba ya buƙatar ko ɗaya, ƙarin shan mai ne da ƙarin abin lalacewa.

Honda Jazz, wadda Amurkawa ke kira Fit, cikinta ya fi yadda ake zato fili, ga ƙarancin shan mai. Matsalar samfurinta na farko na Turai ita ce giyar otomatik irin ta CVT, wadda kan yi karkarwa wajen tashi, kuma da an zuba mata man giyar da ba nata ba, an kama hanyar kashe ta. Peugeot 206 da 307 suna da daɗin tuƙi, kuma Arewa ta saba da Peugeot tun da kamfanin PAN ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975. Amma giyarsu ta otomatik, AL4, da harkar wayarin ɗinsu suna son bakaniken da ya ƙware a kansu. In dai Peugeot ake so, a ɗauki manuwal. Golf 3 kowa ya san ƙarfinta, ga ta nan tana jigilar fasinja tsakanin garuruwa, kuma kusan kowane ƙauye akwai mai gyara ta. Amma mota ce ta shekarun 1990, yawancinsu sun gaji, da yawa kuma ba su da jakar iska mai kare direba. Ni dai ba zan ɗora yarinyar da ta gama makarantar tuƙi a kanta ba.

Kafin a je wurin dillali, a fara zuwa wurin masu sayar da kayan gyara. Mutumin Kano ya leƙa Ƙofar Ruwa, na Kaduna ya shiga Panteka, ya tambayi kuɗin fitilar gaba, madubin gefe, bamba, famfon mai da kayan ƙafa na motar da yake tunani. Waɗannan su ne abubuwan da sabon direba zai fi saya. Motar da ake cewa “sai an aiko daga Legas” duk sanda madubinta ya karye, ba ta mai koyo ba ce, komai kyanta.

Daga nan sai duba ita kanta motar, kuma nan ne yawancin mutane ke yin sakaci. A je da bakaniken da aka amince da shi, wanda ba shi da kaso a la'ada; wanda dillali ya kira maka, na dillali ne. A je da rana, kuma a nemi a samu injin a sanyaye. Idan ka taɓa bonet ka ji ɗumi, an riga an tayar da ita kafin ka iso, wataƙila domin a ɓoye wahalar tashi ko ƙarar da take yi da safe. Da an murɗa makulli, kafin inji ya tashi, fitilun gargaɗi na inji da na ABS da na jakar iska dole su kama, sannan su mutu. Wadda ba ta kama ba sam, ana iya zargin an cire ƙwanta ne. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi daga salansa alamar ƙona baƙin mai ce. Fari mai kauri da ba ya yankewa, ko wani abu kamar madara a ƙarƙashin murfin baƙin mai, na nuna ruwa na shiga inda bai kamata ba. A sa na'urar bincike ta kwamfuta. Motocin Amurka tun daga 1996 da na fetur na Turai tun daga 2001 suna da wurin jona ta a ƙarƙashin sitiyari.

Lambar kilomita da ke allon gaba ba abin dogaro ba ce, domin ana juya ta baya. Robar fedal, da fatar sitiyari, da gefen kujerar direba sun fi ta faɗin gaskiya. Ta Amurka kuma da mil take lissafi: mil 100,000 ya kai kimanin kilomita 160,000.

Motocin hannu da ake shigowa da su daga waje, waɗanda ake kira tokumbo ko Beljiyam, ana ganin sun fi waɗanda aka yi amfani da su a gida, kuma sau da yawa haka ne. Amma da yawa daga na Amurka a gwanjon motocin da suka yi haɗari ko ambaliya ta cinye ake sayo su, a gyara, a fesa fenti, su fito da kyan ɗan maciji. A ɗaga kafet a shinshina, a duba tsatsa a ƙarafan ƙarƙashin kujera. A dubi tazarar da ke tsakanin bonet da ƙofofi, ko ta gefe ɗaya ta fi ta ɗayan faɗi. A leƙa ƙasa, domin gishirin da ake zubawa a titunan ƙasashen ƙanƙara yana cin ƙarfe. Lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 ana iya bincika tarihinta a intanet idan daga Amurka motar ta fito. Wani abin gudu shi ne motar Ingila ko Japan da aka mayar da sitiyarinta daga dama zuwa hagu. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, don haka masu kawo irin waɗannan motoci kan yanke su sake haɗa sitiyari da birki a gareji. Ba aikin da za a ɗora ran mutum a kai ba ne.

Wadda aka yi amfani da ita a gida kuwa, a duba ko an cire mata abin daidaita zafin inji an haɗa fanka kai-tsaye, al'adar da ke ƙara shan mai, da ko an sace abin tace hayaƙi da ke cikin salansa, wanda 'yan gareji ke kira indomi.

Sai takardu. Lambar shasi da ke jikin mota ta zo daidai da ta takardun kwastan da ta shaidar mallaka, harafi da harafi. A Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka 'yar Kwatano mai takardun da ba a tantance ba tana iya ƙarewa a hannun kwastan a kan hanya. A rubuta yarjejeniyar ciniki da shaidu, a canza sunan mai mota ba tare da jinkiri ba.

Kada a zuba duk kuɗin da ke hannu a farashin mota. Makon farko akwai baƙin mai da matatunsa, da duba birki, da sabon bel idan Golf ce ko Peugeot, tunda tsinkewarsa na iya lanƙwasa bawul ya jawo buɗe inji. Akwai taya: lambobi huɗu na ƙarshe a jikinta suna nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2319 na nufin mako na 23 a 2019, kuma tsohuwar taya kan fashe a zafin kwalta ko da zanenta bai cinye ba. Akwai kuma inshorar da doka ta wajabta, wadda tun daga Janairun 2023 ta koma naira 15,000 ga motar gida, tana biyan ɓarnar dukiyar wani har zuwa naira miliyan 3. A saye ta daga kamfani mai rajista, domin ta bogi da ake haɗawa a bakin ofishin lasisi ba za ta biya ko fitilar motar da aka daka ba.