Aster: furen kaka na Amurka da ke ciyar da ƙudan zuma

A Greensboro da ke jihar Karolina ta Arewa, inda ƴan Nijar da dama ke zaune, lambun bayan gida kan fara bushewa daga ƙarshen Satumba. Kuɓewa ta daina ƴaƴa, tumatir ya gaji, furanni sun kaɗe. Daidai lokacin ne wani tsiro ɗan asalin ƙasar, mai suna aster, ke buɗe furensa. Sunan daga Girkanci yake, ma'anarsa tauraro, kuma haka furen yake: shunayya a kewaye, ɗorawa a tsakiya.

Amfaninsa ya wuce ado. Kafin sanyi ya sauka, ƙudan zuma na neman abincin ƙarshe, kuma aster na cikin tsirrai ƙalilan da ke da ruwan zaƙi a wannan lokaci. Haka ma malam-buɗe-littafi mai suna monarch, wanda ke ƙaura kowace kaka daga Kanada da Amurka zuwa duwatsun Michoacán a Meziko, tafiyar da kan kai kilomita 4,000. A kan hanya, irin waɗannan furanni ne guzurinsa. Yawansa ya ragu ƙwarai tun shekarun 1990.

Iri biyu suka fi sauƙi ga sabon shiga. Aster na New England na son rana da ƙasa mai ɗan laima, kuma yakan haura mita ɗaya da rabi. Shi kuwa aster mai ƙamshi gajere ne, yana jure fari, furensa kan kai har Nuwamba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a bar dogon irin ya yi ta tashi. Sai ya zama siriri, iska ta kwantar da shi. Maganin abin: a datse rabin tsawonsa a watan Yuni, ya yi rassa, furen ya ƙaru. Bayan farkon Yuli kuma a ajiye almakashi, don kada a yanke tohon furen.

A bar tazarar kamar santimita 60 tsakanin tsirrai, a riƙa zuba ruwa a gindi, domin cunkoso na jawo farar fumfuna a ganye. Taki da yawa ma ba ya taimakonsa, tsawo kawai yake ƙara masa. Duk bayan shekara 3, a tone gindin a watan Maris ko Afrilu a raba shi. Abin da ya rage a ba maƙwabci.

Idan furen ya bushe, kada a yi saurin sharewa. Tsuntsaye na cin irin a lokacin sanyi, saiwar kuma na nan da rai ƙarƙashin ƙasa. Wanda ke gidan haya ma zai iya shuka gajeren irin a babbar tukunya a bakin ƙofa, muddin rana na samunsa awa 6 a yini.