Wutar Manoharpur: Ɗan Mishan, 'Ya'yansa Biyu Da Ɗan Kasuwar Da Aka Manta

A daren 22 ga watan Janairun 1999, wani Bature mutumin Ostireliya mai suna Graham Staines ya kwanta barci a cikin motarsa a ƙauyen Manoharpur da ke gundumar Keonjhar, jihar Orissa ta gabashin Indiya, wadda yanzu ake kira Odisha. Tare da shi akwai 'ya'yansa maza biyu, Philip ɗan shekara 10 da Timothy ɗan shekara 6, waɗanda suka zo hutun makaranta suka biyo mahaifinsu taron shekara-shekara da Kiristocin karkarar ke yi. Can dare ya raba, sai gungun mutane ɗauke da gatura da sanduna suka kewaye motar, suka cinna mata wuta, suka kuma tsaya suka hana waɗanda ke ciki fitowa. Da gari ya waye, gawarwaki uku aka tarar sun ƙone ƙurmus.

Mai karatu na iya cewa ina ruwanmu da ɗan mishan a Indiya, ga namu matsalolin sun ishe mu? A yi haƙuri a biyo ni, domin labarin bai tsaya kan Baturen ba.

Staines ya isa Indiya a 1965 yana saurayi, ya kuma shafe shekara 34 a gundumar Mayurbhanj, inda ya yi jinyar kutare a wani gidan da mishan ɗinsu ke gudanarwa a garin Baripada. Ya iya harshen Odiya, ya iya harsunan ƙabilun karkarar, har ya sa hannu a fassara wani sashe na Littafi Mai Tsarki zuwa harshen Ho. Ya auri Gladys, ma'aikaciyar jinya 'yar ƙasarsu, a 1983. Mu mutanen Arewa irin wannan aiki ba baƙo ba ne a wurinmu, domin tun cikin shekarun 1930 'yan mishan ɗin SIM suka riƙe asibitocin kutare na Amanawa a Sakkwato da Yadakunya a Kano da Babbar Ruga a Katsina, kuma tun a wancan zamani ake muhawara kan inda magani ya ƙare da inda wa'azi ya fara.

Ba zan yi wa kowa rufa-rufa ba: Staines ɗan mishan ne na sosai, ya je ne don ya yi jinya ya kuma yi bishara, bai taɓa ɓoye hakan ba. Ya kuma san irin ƙasar da yake takawa. Jihar Orissa ce ta kafa dokar taƙaita sauya addini tun 1967, kuma makonni kaɗan kafin a kashe shi an ƙona coci-coci a yankin Dangs na jihar Gujarat, abin da ya sa Firayim Minista Atal Bihari Vajpayee ya nemi a yi muhawara ta ƙasa kan sauya addini. Duk wanda ya zauna yana wa'azi a irin wannan yanayi ya riga ya sa wa ransa cewa wata rana ana iya zuwa masa da dare. Wannan zaɓinsa ne, kuma mabiya addininsa suna kiransa shahada. Sai dai abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yaran nan biyu ba su zaɓi komai ba. Hutu suka zo.

Gwamnati ta naɗa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a D.P. Wadhwa na Kotun Ƙoli. Kwamitin bai sami shaidar cewa Staines ya tilasta wa kowa shiga Kiristanci ba. Ya ɗora alhakin kisan a kan wani mai suna Dara Singh, wanda sunansa na ainihi Rabindra Kumar Pal, amma ya ce bai ga hannun wata ƙungiya ba, duk da cewa mutane da yawa sun alaƙanta mutumin da Bajrang Dal, ƙungiyar matasan Hindu masu tsattsauran ra'ayi. Wannan ɓangare na rahoton ya sha suka ƙwarai.

To, ga inda gizo ke saƙa. Kafin Dara Singh ya taɓa ɗan mishan, sunan da ya yi a yankin ya samo shi ne daga tare motocin fataken shanu, galibinsu Musulmi, da sunan kare saniya, yana kwashe dabbobin yana raba wa mutanen ƙauye. Da haka ya sayi zukatansu, da haka kuma ya sami mafaka har ya yi shekara guda cur 'yan sanda na nemansa ba su kama shi ba. A cikin wannan shekara, a watan Agustan 1999, ya afka wa wani Musulmi mai sayar da tufafi, Sheikh Rahman, a tsakiyar kasuwar ƙauyen Padiabeda, aka sassare shi aka banka masa wuta, mutane na kallo. Kwanaki kaɗan bayan haka aka harbe wani limamin Katolika ɗan Indiya, Fada Arul Doss, da kibiya. Kotuna sun sami Dara Singh da laifi a duka kashe-kashen biyu.

Ke nan hannun da ya ƙona Baturen shi ne ya ƙona ɗan kasuwar. Hausawa na cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ba sai mutum ya yarda da wa'azin ɗan mishan ba kafin ya gane cewa ranar da taron jama'a ya sami ikon yanke wa mai wa'azi hukuncin kisa saboda wa'azinsa, ranar ce kowane marar rinjaye ya rasa garkuwarsa. A Indiya, bisa ƙidayar 2011, Kiristoci ba su wuce kashi 2.3 cikin 100 ba, Musulmi kuwa kashi 14.2. Abin da ya faru da Musulmin Gujarat a 2002, da abin da ya faru da Kiristocin Kandhamal a wannan jiha ta Orissa a 2008, daga tukunya ɗaya aka kwaso su.

Shari'ar kanta ta yi tafiyar hawainiya. A watan Satumban 2003 kotu ta yanke wa Dara Singh hukuncin kisa, wasu 12 kuma ɗaurin rai da rai. A 2005 Babbar Kotun Orissa ta mayar da nasa ɗaurin rai da rai, ta sallami 11, ta bar wani mai suna Mahendra Hembram a gidan yari. A Janairun 2011 Kotun Ƙoli ta tabbatar da wannan hukunci, amma ta saka wasu kalmomi masu nuna cewa manufar maharan ita ce su koya wa Staines darasi saboda sauya wa talakawa addini. Da ƙorafi ya yi yawa cewa tamkar kotu na nema wa makasa uzuri ne, sai alƙalan suka goge kalmomin bayan 'yan kwanaki. Ba kasafai ake ganin Kotun Ƙoli ta lashe amanta ba.

Ita kuwa Gladys, wadda aka bar ta da 'yarsu Esther mai shekara 13, ta fito fili ta ce ta yafe wa waɗanda suka kashe mata miji da 'ya'ya. Wasu sun ce rauni ne, wasu sun ce dabarar mishan ce. Ni dai ban ga dabarar da za ta sa uwa ta binne 'ya'ya biyu sannan ta koma wanke gyambon kutare a garin ba. Ba ta tattara kayanta ba sai a 2004, bayan an buɗe asibiti da sunan mijinta a Baripada, kuma a 2005 gwamnatin Indiya ta ba ta lambar girmamawa ta Padma Shri. Yafiyarta ba ta hana hukuma yin shari'a ba, ba ta kuma kamata ta hana ba.

Wani hanzari ba gudu ba. Duniya ta girgiza da mutuwar Staines ne saboda Bature ne mai fasfo, mai ofishin jakadanci a bayansa. Shugaban ƙasa K.R. Narayanan da kansa ya yi Allah wadai da kisan, an rubuta littattafai, an yi fim a 2019. Kiristocin ƙabilun da suka ci gaba da zama a waɗannan ƙauyuka ba su da jirgin da zai kwashe su, kuma mutum zai daɗe yana bincike kafin ya ci karo da wanda ya tuna da Sheikh Rahman.

A watan Afrilun 2025 hukumomin Odisha suka saki Mahendra Hembram bayan shekara 25, bisa dalilin kyawun hali. A ƙofar gidan yarin Keonjhar magoya baya suka tarbe shi, suka rataya masa furanni a wuya.