Ladan Likita a Kan Tsaron Jinin Majinyaci a Ingila

Ku sani ya malamai da attajirai, akwai wani magani da a ke kira warfarin. Ana ba da shi ga wanda a ke tsoron jininsa ya yi gudaji cikin jijiya, gudajin ya tafi ƙwaƙwalwa ya shanye masa ɓarin jiki. Asalinsa abin al'ajabi ne: a 1948 aka fitar da shi a Amurka domin kashe ɓeraye, sai a 1954 aka yarda a ba mutane.

Wahalarsa duka tana ga awo. In ya yi yawa jini ya tsinke, in ya gaza gudajin ya dawo, har yawan cin alayyahu ya kan rage ƙarfinsa. Saboda haka a kan ɗebi jinin mai sha a auna, ana son lissafin mafi yawansu ya tsaya tsakanin 2 da 3. Da fari bayan 'yan kwanaki, in ya daidaita a kan kai mako 12.

To, wa zai biya mai wannan tsaro? Tun 1948 mutumin Ingila ba ya biyan likitan unguwarsu, hukuma ke biyan likita gwargwadon yawan mutanen da ke rajistarsa. A yarjejeniyar 2004 aka raba aikinsa, aka ce ga wajibi, ga ƙari, tsaron masu shan warfarin ya faɗa cikin ƙari. Wanda ya ɗauka ana ba shi lada dabam a kan kowane majinyaci a shekara, kuma mai ɗibar jini ya auna ya yanke adadin ƙwaya da kansa ya fi samu. Aka sharɗanta masa rubuta sunayensu, da kiran wanda ranarsa ta zo.

Almajiran Risala sun san ya halatta a yi sharaɗi da likita a kan warkewa. Amma a nan ba warkewa a ke jira ba, da yawa za su sha har ƙarshen rai. Ni a ganina ya fi kama da ijarar makiyayi, wanda ladansa a kan kiwo ya ke, kuma daidai ne a yanka masa shi a fili. Inda na ga aibi shi ne zaɓi: in likita ya ga ladan bai kai wahalar ba ya kan ƙi, tsoho ya koma bin layi a babban asibiti.

Daga 2008 sababbin magunguna suka shigo waɗanda ba su bukatar wannan awo, sai duban ƙoda a kai a kai, masu shan warfarin suka ragu. Amma wanda aka sa wa ƙyauren ƙarfe a zuciya, har yau warfarin ne maganinsa, da awonsa.