Maganin Hawan Jini da Na Taɓin Hankali: Haɗarin da Ke Tsakaninsu a Sabon Birni da Isa

Daga cikin cututtukan ƙwaƙwalwa akwai wadda takan jefa mutum cikin zumuɗi da rashin barci da yawan magana na tsawon makonni, sannan ta juyo da shi cikin baƙin ciki mai nauyi, kuma sinadarin litiyam, wanda likita John Cade ya bayyana amfaninsa a ƙasar Ostareliya a shekarar 1949, yana cikin magungunan da suka fi daidaita wannan hali. Sai dai tazarar da ke tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke zama guba 'yar kaɗan ce, domin ana so ma'auninsa a jini ya tsaya tsakanin 0.6 da 1.2, kuma da zarar ya haura 1.5 alamun guba sukan fara bayyana.

Inda gizo ke saƙa shi ne ƙoda, wadda take ɗaukar litiyam tamkar sodiyam, wato sinadarin da ke cikin gishirin miya. Magungunan hawan jini masu sa fitsari, musamman dangin tayazaid da ake samu a cikin ƙwayoyi irin su Moduretic, suna rage hawan jini ta hanyar fitar da gishiri da ruwa. Da jiki ya ji ƙarancin gishirin sai ƙoda ta shiga mayar da shi cikin jini, ta haɗa da litiyam ɗin da ya kamata ya fita. Ta haka adadinsa kan ƙaru da kashi 25 zuwa 40 cikin ɗari ba tare da mara lafiya ya ƙara ko ƙwaya ɗaya ba. Lisinofiril, wani maganin hawan jini, da magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak suna yin irin wannan ɓarna, alhali farasitamol ba ya yi. Wanda aka ɗora a kan Tegretol, wani maganin wannan cutar ƙwaƙwalwa, shi ma bai tsira ba, domin haɗa shi da maganin sa fitsari kan zubar da sodiyam ɗin jini har mutum ya rikice ko ya yi jijjiga.

A gabashin Jihar Sakkwato lamarin ya fi tsanani. Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa suna asibitin tarayya na Kware da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, amma hawan jini sau da yawa a kemis ake auna shi a kuma sayi maganinsa, ta yadda wanda ya rubuta magani na farko bai san da na biyu ba. Rashin tsaro a hanyoyin Isa da Sabon Birni ya sa zuwa Sakkwato domin gwajin jini, wanda ake so a yi duk bayan wata uku zuwa shida, ya zama abu mai wuya, ga kuma iyalan da suka tsallaka zuwa jihar Maradi ba tare da katin asibiti ba. Zafin bazara da kan wuce digiri 40, da azumi idan ya faɗo a lokacin, da amai da gudawa na damina, duk suna ƙafar da ruwan jiki, su ƙara wa gubar ƙarfi.

Babban abin takaici shi ne alamun suna kama da abin da dangi suka saba gani. Idan hannun mara lafiya ya kama rawa sosai, harshe ya yi nauyi, tafiya ta koma tangaɗi, ga amai da gudawa da yawan gyangyaɗi, sai a ce ciwon ne ya tashi ko iskokai ne suka taɓa shi, a ƙara masa ƙwaya ko a nufi wurin ruƙiyya, alhali kowace ƙwaya da aka ƙara tana matsar da shi ga lalacewar ƙoda da ƙwaƙwalwa. Abin da ya dace a irin wannan hali shi ne a dakatar da litiyam a garzaya asibiti a ranar.

Ba a rasa mafita ba, domin akwai magungunan hawan jini irin su amlodifin da ba sa riƙe litiyam a jiki, kuma likita ne zai zaɓa. Don haka ana kira ga masu jinya da su riƙa zuba dukan magungunan mara lafiya, har da na gargajiya, a leda ɗaya su nuna wa ma'aikacin lafiya a kowace ziyara, masu kemis kuma su tambayi mai saye ko yana shan maganin Kware kafin su miƙa masa maganin sa fitsari.